Suyuɗi mai kwafe ne? Me yasa littafansa suka riga shi zuwa ƙasar Hausa

Akwai wata magana da ɗalibai ke yawan jefawa duk sanda aka ambaci Imamu Jalaluddin Suyuɗi, musamman yanzu da kowa ke da Shamila, manhajar nan mai tarin littafan Larabci, a waya ko a kwamfuta, zakaji ance ai shi ba wani abu yayi ba illa kwafe, ya ɗauko na wannan ya haɗa da na wancan ya rubuta sunansa a bango. Maganar ba sabuwa bace, tun yana raye aka faɗa masa ita, kuma wanda ya faɗa ɗin ba ƙaramin malami bane. Ni a ganina akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, amma hukuncin da ake yankewa da ita zalunci ne babba, kuma mu nan ƙasar Hausa mune ya kamata mu fi kowa gane haka, don da irin aikinsa magabatanmu sukayi karatu.

An haife shi a Alƙahira a watan Rajab 849 bayan hijira, wato 1445, ya rasu a 911, wato 1505, kaga shekara 60 kenan kacal a lissafin miladiyya. Asalin gidansu Asyuɗ ne a kudancin Masar. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara 5 da watanni, ya tashi maraya a hannun abokan mahaifin, cikinsu har da Kamaluddin Ibnul Humam babban malamin Hanafiyya. Ya haddace Alƙur'ani kafin ya cika 8, yayi fiƙihu wajen Alamuddin Bulƙini da Sharafuddin Munawi, ya lizimci Kafiyaji shekara 14. Da yaje hajji a 869 shi da kansa ya bada labarin ya sha Zamzam da niyyar Allah ya kaishi matsayin Sirajuddin Bulƙini a fiƙihu da matsayin Ibn Hajar a hadisi. Matashi ɗan shekara 20 ne fa yake wannan addu'ar.

Yawan littafansa kuwa ya danganta da wa ya ƙirga. A cikin Husnul Muhadara shi ya lissafo wajen 300 kuma bai daina rubutu ba bayan nan, almajirinsa Dawudi yace sun haura 500, wasu masu bincike na baya sun kai lissafin sama da haka nesa. Amma kar adadin ya ruɗe ka, da yawa a ciki risala ce ta 'yan waraƙoƙi, amsar fatawa ɗaya ko tattara hadisan mas'ala ɗaya, har akan girgizar ƙasa da annoba yana da rubutu. Manyan da suka ɗauki sunansa basu fi a ƙirga ba, kuma su ne abin dubawa.

Kafin su sai an fahimci zamanin. Suyuɗi ya zo ne a ƙarshen daular Mamluk, kuma Masar da Sham a wannan daular sun riga sun zama gidan manyan kundaye, Ibn Manzur ya tara Lisanul Arab, Nuwairi ya rubuta Nihayatul Arab a mujalladi wajen 30, Ƙalƙashandi ya rubuta Subhul A'asha don ma'aikatan fada. Bayanin da aka fi ji shine tsoro ne yasa, Bagadaza ta faɗi hannun Mongol a 1258, Andalus tana ta zaizayewa har Garnaɗa ta tafi a 1492 Suyuɗi na raye, sai malamai suka shiga tattara ilimi kar ya salwanta. Wannan bayanin yana da daɗin ji, amma ni na fi gamsuwa da na biyun: ba ƙarancin littafi bane matsalar Alƙahira, yawansa ne. Makarantu da wuraren waƙafi sun cika gari, laburaren makarantar Mahmudiyya kaɗai yana ɗauke da mujalladi wajen 4,000, ilimin ƙarni takwas ya taru a wuri ɗaya har ya fi ƙarfin rayuwar ɗalibi guda. A irin wannan halin wanda ake buƙata shine wanda zai karance tulin ya tsara shi yadda za'a iya shiga a fita. Suyuɗi kuma ɗan gida ne a Mahmudiyya.

Daga nan ma zargin ya taso. Shamsuddin Sakhawi, almajirin Ibn Hajar, wanda ya rasu a 902 bayan hijira, ya rubuta tarihinsa a cikin Addau'ul Lami da kakkausan harshe, yace yana ɗaukar tsofaffin littafan da mutane basu sani ba daga Mahmudiyya ya ɗan sauya, ya gabatar ya jinkirtar, ya jingina wa kansa. Suyuɗi bai yi shiru ba, ya mayar da martani da Alkawi fi Tarikhis Sakhawi, kuma yana da wata risala sukutum akan bambancin marubuci da ɓarawon rubutu. Su biyun duka malamai ne masu daraja, kuma malaman hadisi da kansu suna da ƙa'idar cewa sukar tsara ga tsara ba'a ɗaukarta kai tsaye, ballantana Suyuɗi ya tsokano malaman garin da da'awar ya kai matakin ijtihadi da kuma fatan shine mujaddadin ƙarni na tara. Halinsa yana da zafi, wannan babu musu. Amma a ajiye rigimar a buɗe littafan.

A ɗauki Al'itƙan fi Ulumil Ƙur'an. Duk wanda ya ajiye shi kusa da Alburhan na Zarkashi, wanda ya rasu a 794, zai ga an ɗebo da yawa, wani wajen sakin layi guda guda. To amma waye ya fara gaya mana haka? Suyuɗi ne da kansa a muƙaddima, ya faɗi yadda ya fara rubuta Attahbir, daga baya Alburhan ya faɗo hannunsa yayi murna, ya lissafo babukan Zarkashi 47 ɗaya bayan ɗaya, sannan ya jero sunayen littafan da ya dogara dasu fanni fanni. Ɓarawo baya yin haka. Shi kuma ya maida babukan 80, ya sake musu jeri, ya fara da Makki da Madani, abin da ya sauka a gida da na tafiya, na dare da na rana, na bazara da na hunturu, ya bi ta sabubban sauka da ƙira'o'i da kalmomin da asalinsu ba Larabci ba, ya rufe da ɗabaƙoƙin malaman tafsiri. Kuma ba tarawa kawai yake ba, duba babin nasikhi da mansukhi, kafin shi akwai waɗanda suka kai ayoyin da aka shafe hukuncinsu ɗaruruwa, shi ya bi su ya tace yace basu wuce wajen 20 ba, har ya waƙe su. Akan wannan tacewar Shah Waliyullahi na Delhi, wanda ya rasu a 1762, ya ɗora ya rage su zuwa 5. Wannan aikin mai nazari ne, wallahi ba na mai kwafe ba. Gaskiya ne ba kowane waje yake cewa wannan jumlar ta Zarkashi ce ba, kuma da ma'aunin jami'a na yau za'a kama shi da laifi a nan, amma al'adar rubutun zamaninsu ba tamu bace, kuma a cikin mutanen zamanin nasa yana cikin waɗanda suka fi ambaton majiya, shi ne ma yake cewa albarkar ilimi a jingina shi ga mai shi.

Almuzhir ya fi nuna min basirarsa. Littafi ne akan ilimin lugga, babi 50, kuma dabarar da yayi itace ya ɗauko tsarin malaman hadisi ya ɗora wa kalmomin Larabci: wace kalma ce ta zo ta hanyar tawaturi, wato jama'a da yawa suka ruwaito ta, wacce ce mutum ɗaya ya ruwaito, wacce ce sanadinta ya yanke, wane ne za'a karɓi ruwayarsa a lugga wane ne za'a ƙi, wacce ce ƙirƙirarriya. Kayan cikin na Ibn Jinni ne da Ibn Faris da Ibn Duraid da sauransu, amma ginin nasa ne. Haka yayi a Al'iƙtirah, ya tsara usulun nahawu akan tsarin usulul fiƙhi. Mutum ne da yake ganin fannoni a matsayin dangi, yana aro ma'aunin wannan ya gwada a wancan. Ƙaramin littafinsa Annuƙaya ma haka ne, fanni 14 a dunƙule, tun daga tauhidi da tafsiri da hadisi da gado da nahawu da sarfu da balaga har zuwa sanin sassan jikin mutum da likitanci da tasawwufi, sannan yayi masa sharhi da Itmamud Diraya. Kuma yana faɗin iyakarsa, yace fanni 7 ne ya nutsa a cikinsu, lissafi kuwa yace shine mafi wahala a gareshi, idan ya duba mas'alarsa ji yake kamar dutse yake ƙoƙarin ɗagawa.

Inda maganar masu suka take da ƙarfi shine hadisi da tafsirin ruwaya, kuma ya kamata a faɗe ta ba kwana-kwana. A tafsirinsa Addurrul Mansur ya tara abin da aka ruwaito a tafsirin kowace aya, ya cire sanadi ya bar sunan littafin da ya ɗauko. Amfanin wannan baya misaltuwa, don tafsiran Abdu bin Humaid da Ibnul Munzir da Ibn Mardawaihi da Abus Shaikh ko dai sun ɓace ko guntaye ne suka iso mana, da yawan abin da muka sani a cikinsu ta hanyar Durr muka sani. Amma mafi yawan lokaci baya cewa wannan ya inganta wannan bai inganta ba, sahihi da mai rauni da labaran Isra'iliyat duk suna jere kafaɗa da kafaɗa. Kamar manomi ne da ya ga hadari ya taso ya kwashe dammunan gero duka ya zuba a rumbu, bai tsaya sussuka da shiƙa ba, hatsin ya tsira amma wanda zai ci dole ya sussuke. Matsalar tana zuwa ne idan mai wa'azi ya buɗe Durr ya karanto ƙissa yace Suyuɗi ya kawo, masu sauraro kuma suji kamar ance Suyuɗi ya inganta. Wannan kuskuren yana faruwa a masallatanmu kuma yana damuna ƙwarai, don ana jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba da sunan malamin da shi kansa ya rubuta Alla'alil Masnu'a akan hadisan ƙarya.

Babban burinsa shine ya tara hadisai kaf a littafi ɗaya, Jam'ul Jawami, wanda ake kira Aljami'ul Kabir, ya jera maganganun Annabi bisa haruffa. Ajali ya riske shi bai kammala ba. Tun kafin nan ya ciro Aljami'us Sagir mai hadisi 10,000 da ɗoriya, a muƙaddimarsa yace ya tsare shi daga abin da maƙaryata suka kaɗaita dashi, amma wannan alƙawarin bai cika duka ba, Abdurra'uf Munawi a sharhinsa Faidul Ƙadir ya nuna wurare da dama, a zamaninmu kuma Albani, wanda ya rasu a 1999, ya raba littafin gida biyu, Sahihul Jami da Da'iful Jami. Sannan jerin haruffa yana da wahala ga wanda yake neman hadisan babi ɗaya, sai wani malami daga Indiya mazaunin Makka, Aliyu Almuttaƙi, wanda ya rasu a 975 bayan hijira, ya sake zuba su bisa babukan fiƙihu ya fitar da Kanzul Ummal mai ruwaya sama da 46,000. Malaminsa Abul Hasan Albakri har cewa yayi Suyuɗi yayi wa duniya alheri, Almuttaƙi kuma yayi wa Suyuɗi alheri. Abin lura anan shine duk masu gyaran nan akan tarin Suyuɗi suka tsaya sukayi gyaran, shekara wajen 500 ana aiki akan abin da mutum ɗaya ya tara da alƙalami da tawada, babu injin bincike babu komai.

Turawa masu nazarin gabas ma ta ƙofarsa suka shiga. An buga Itƙan a Kalkata ta Indiya tun a shekarun 1850, Bajamushen nan Nöldeke ya dogara dashi sosai a littafinsa na tarihin Alƙur'ani na 1860, Edward Lane ya amfana da Muzhir a ƙamusunsa na Larabci, Tarikhul Khulafa kuma an fassara shi zuwa Turanci a 1881.

Jalalaini labarinsa daban ne don shi ba tari bane, matsewa ce. Jalaluddin Mahalli ne ya fara daga Kahfi zuwa Nasi, ya dawo yayi Fatiha, ya rasu a 864. Suyuɗi ya cike daga Baƙara zuwa Isra'i a 870 cikin kwana 40, yana ɗan shekara 21 zuwa 22, ya bi salon Mahalli sau da ƙafa har da wuya ka gane inda hannu ya canza. Kalma ta aya, kalma ta bayani, li'irabi inda ya zama dole, ƙira'a a taƙaice, shikenan. Wannan taƙaitawar ce ta sa ya dace da malamin da zai karanta Larabci ya fassara wa jama'a da harshensu nan take, shi yasa kake samunsa a makarantun Indunusiya, tafsirin farko cikakke da harshen Malay na Abdurra'uf Singkili ma akansa aka gina, kuma shi yasa yake gaban malamai da yawa a tafsirin azumi daga Kano zuwa Damagaram zuwa zangon Kumasi, galibi tare da hashiyar Sawi, Bamalikin Masar da ya rasu a 1241 bayan hijira.

To yanzu mu dawo gida. Ka ɗauki ɗalibi daga Katsina ko Agadas ko Tumbuktu a ƙarshen ƙarni na 15 da ya bi ayarin alhazai ya ratsa sahara ya sauka Alƙahira. Kwanakinsa ƙidayayyu ne, guzurinsa ƙidayayye, takarda tsada, kowane littafi da hannu za'a kwafe shi, kuma raƙumi ne zai ɗauko shi wata da watanni. Wannan mutumin bazai iya kwafe littafi 50 akan ilimin Alƙur'ani ba, amma zai iya kwafe Itƙan guda ɗaya wanda ya tatso 50 ɗin ya kuma gaya masa sunayensu. Abin da Sakhawi yake gani aibi a Alƙahira inda asalin littafan suke a kan kanta, shine ainihin abin da na nesa yake nema ido rufe. Suyuɗi da kansa ya bada labari a Attahaddus bi Ni'imatillah cewa a 889 bayan hijira ayarin Takrur, wato yankinmu na Afirka ta Yamma, ya iso da sarki da alƙali da ɗalibai, sukayi karatu wajensa suka tafi da littafansa. Ahmad bin Umar Aƙit, kakan Ahmad Baba na Tumbuktu, yayi hajji a 890 ya haɗu dashi, bayan ya dawo kuma ya zauna a Kano ya karantar. Al'aƙib Al'anusammani na ƙasar Ayar yayi karatu wajensa. Askiya Muhammadu na Songhai ya gana dashi a tafiyarsa ta hajji wajen 1497 kamar yadda littafan tarihin Tumbuktu suka kawo. A 898 bayan hijira tambayoyi suka je wa Suyuɗi daga wani malami Allamtuni akan al'adun mutanen yankin da zaluncin masu mulki, amsar tana nan a cikin Alhawi lil Fatawi. Ya kuma rubuto wasiƙar nasiha ga sarakunan Takrur, ya ambaci Sarkin Agadas Muhammadu bin Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim, yana jan kunnensu akan adalci da tsayawa kan shari'a, Shehu Usmanu ya kawo wasiƙar a Tanbihul Ikhwan. A bakin mutanenmu akwai labarin cewa Sayuɗi ya tako ƙasar nan da ƙafarsa, masu binciken tarihinsa kuwa sun fi tafiya akan cewa littafansa da wasiƙunsa da almajiransa ne suka zo, kuma ni banga wannan ya rage komai ba.

Shekara 300 bayan haka sai ka duba Ida'un Nusukh na Malam Abdullahi na Gwandu inda ya lissafo abin da ya karanta da wajen wa, sunan Suyuɗi sai dawowa yake, Alfarida a nahawu, Alkaukabus Saɗi a usulu, ga balaga, ga tafsiri. Da ya zo rubuta nasa kuma, Miftahut Tafsir waƙe ilimin tafsiri ne daga Itƙan da Nuƙaya, Albahrul Muhiɗ a nahawu akan aikin Suyuɗi ya tsaya. Wato abin da Suyuɗi yayi wa magabatansa shi Malam Abdullahi yayi masa, ya matse ya waƙe don almajirin zaure ya haddace, kuma babu mai hankalin da zai kira Malam Abdullahi mai kwafe. Girman sunan har ya jawo masa abin da ba nasa ba, littafin nan na magunguna Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikma da ake sayarwa a kasuwanninmu da sunansa a bango, masana sun nuna na wani malamin Yaman ne da ya rasu tun kafin a haifi Suyuɗi.

Shi kuma Suyuɗi a can Masar ƙarshen rayuwarsa da ɗaci. An bashi shugabancin zawiyar Baibarsiyya a 891, rigima ta ɓarke tsakaninsa da mazaunanta akan kuɗin waƙafi har suka jefa shi a kwatamin alwala da kayansa, a 906 ya rasa kujerar ya kuma ɓuya saboda Sultan Ɗumanbai. Ya ƙarasa rayuwa a gidansa na tsibirin Rauda a tsakiyar kogin Nilu, baya zuwa fada, Sultan Ƙansuhul Guri ya aiko masa da dinari 1,000 da bawa, ya maida kuɗin ya 'yanta bawan. Shekara 12 bayan rasuwarsa Usmaniyya suka ci Alƙahira a 1517.

Wani abu da ya kamata a sani shine malamanmu basu haɗiye shi ɗungurungum ba, sun zaɓa. Suyuɗi Bashafi'e ne, don haka an karɓi tafsirinsa da nahawunsa da balagarsa da usulunsa da hadisinsa, har da sharhinsa na Muwaɗɗa, Tanwirul Hawalik, amma a fiƙihun ibada da mu'amala aka zauna akan Risala da Mukhtasar na Malikiyya. Haka a mas'alar manɗiƙ, wato ilimin ƙa'idojin tunani da kafa hujja, shi yana ganin haramun ne shagaltuwa dashi, ya rubuta Alƙaulul Mushriƙ akan haka, sai Shehu Magili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya aika masa da baitoci yana kare manɗiƙ yana cewa gaskiya ana karɓarta ko daga wa ta fito, Suyuɗi ya amsa da nasa baitocin yana nan akan bakansa. A wannan mas'alar yankinmu Magili ya bi, waƙarsa ta manɗiƙ ta shiga manhajar Tumbuktu har Ahmad Baba ya karance ta wajen malaminsa Muhammadu Bagayogo, a majalisun da ake karanta littafan Suyuɗi.